Zubin Tagulla a Ƙaramar Maƙerar Gida: Daga Zaɓen Ƙarfe Zuwa Goge Kaya

Wanda ya saba ganin masu zubin tukwanen alminiyam zai iya zaton tagulla ma haka take: a narka, a zuba, a jira ta huce, a fasa. Tsarin ɗaya ne, amma wutar ba ɗaya ba ce. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, ita kuwa tagulla sai ta doshi digiri 1,000, kuma ba a zuba ta sai ta kai tsakanin 1,050 da 1,150. Nauyinta ya ninka na alminiyam fiye da sau uku. Saboda haka gwangwanin ƙarfen da ake narka alminiyam a ciki ba zai ɗauke ta ba, kuma ɗan sakacin da alminiyam zai yafe maka, tagulla ba za ta yafe ba.

Zubin kansa bai wuce daƙiƙa goma ko ashirin ba. Duk abin da zai sa kaya ya fito lafiya ko ya lalace an riga an yi shi kafin a ɗaga tukunya, kuma mafi yawansa yana komawa ga abu ɗaya: bushewa. Damshi a gidan zubi, wato mazubin yashi ko yumɓu da ake zuba ƙarfen a ciki, damshi a ƙarfe, damshi a awartaki, damshi a ƙasan da ka tsaya. Ruwa idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, kuma idan hakan ta faru a ƙarƙashin narkakken ƙarfe, sama zai watso shi.

Wace tagulla?

A kasuwa kusan duk ƙarfe mai ruwan ɗorawa tagulla ake ce masa, alhali iri biyu ne, kuma ba su da hali ɗaya a wuta. Akwai wadda aka haɗa jan ƙarfe da kuza, ita ce muke magana a kai. Akwai kuma wadda aka haɗa jan ƙarfe da tutiya, irin ta kan famfo, kwaɗo da makulli. Tutiya tana tafasa a digiri 907, wato tun kafin haɗin ya gama narkewa ta fara tashi, tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Mai koyo ya ajiye wannan gefe tukuna. Idan ka goga magagari a jikin guntu, mai kuza yakan nuna launi mai ratsin ja, mai tutiya kuwa ɗorawa fayau.

Haɗin da ya fi dacewa da kayan ado, mariƙin ƙofa, tambari da ƙananan siffofi shi ne kashi 90 na jan ƙarfe da kashi 10 na kuza, bisa nauyi. A narki na kilo 3, jan ƙarfe kilo 2.7 ke nan, kuza giram 300. Idan ƙararrawa za ka zuba, kuzar takan kai kashi 20 zuwa 22, shi ke ba ta amo, amma ƙarfen yana yin gautsi, idan ya faɗi ƙasa da ƙarfi sai ya tsage. Akwai kuma tagulla mai silikon, wadda jan ƙarfenta ya kai kusan kashi 95. Idan ka same ta a dunƙule daga masu sayar da kayan zubi, ta fi kowace sauƙin aiki, domin ba ta yawan datti kuma tana jure a sake narka ta sau da yawa.

Jan ƙarfe mafi tsabta shi ne na wayar lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki. Ka fere robar da wuƙa, kada ka ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Ka sayi waya wurin wanda ka san inda ya samo ta, don satar wayar wuta ta yi yawa, kuma mai saye yana shiga cikin rigimar. Kuza kuwa, duk da cewa Filato ta yi suna da ita tun zamanin Turawa, abin da ake haƙowa ƙasa ce mai kuza, ba ita za ka jefa a tukunya ba. Wadda aka tace aka zuba sanduna kake nema. Wayar lanƙe ta masu gyaran rediyo galibi tana da dalma mai yawa, ba ta maye gurbin kuza.

Wurin 'yan gwangwan za ka samu tsofaffin bushin, wato zobban da sandar inji ke juyawa a ciki, da haƙoran giyar inji na tagulla. Suna zubuwa da kyau, sai dai da yawansu suna ɗauke da dalma, don haka kada a yi cokali, kofi ko wani abin da zai taɓa abinci da su. Ka bi kowane guntu da maganaɗisu don ware baƙin ƙarfe. Ka kuma nisanta alminiyam daga tagullarka ƙwarai: ɗan kaɗan ya isa ya ɓata narki duka, ya sa fatar kaya ta yamutse. Duk guntun da ba ka san asalinsa ba, musamman sifirin da maɓallan cikin kayan lantarki, ka bar shi, domin wasunsu suna da sinadarai masu illa ga huhu.

Tanderu

Tsohuwar tukunyar gas mai kilo 12.5 ta isa ta zama jikin tanderun da zai narka kilo 3 zuwa 5. Kafin a kusanto da abin yanka, a tabbatar babu sauran gas, a cire bawul, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa, a bar shi ya kwana. Wannan ba wurin gajerar hanya ba ne. Sannan a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na sama ya zama murfi, a huda tsakiyarsa rami mai faɗin santimita 6 zuwa 8 don fitar wuta. A gefe, kusa da ƙasa, a huda ramin bututun wuta mai faɗin santimita 4 zuwa 5, a karkace, yadda harshen wuta zai riƙa zagaya bango maimakon ya doki tukunya kai tsaye. Wutar da ke dukan wuri ɗaya ita ke tsaga tukunya. A gindi a bar ƙaramin rami na santimita 2, don idan tukunya ta fashe ƙarfen ya tsiyaye kan yashi, kada ya daskare a ciki.

Rufin ciki ko dai bargon zaren yumɓu mai jure digiri 1,260, kaurin santimita 5, a shafe shi da simintin wuta na santimita 1 zuwa 2 don kada zarensa ya riƙa tashi ana shaƙa. Ko kuma yumɓu mai jure wuta da aka cuɗa da dakakken tubalin da aka gasa da ɗan garin katako. Simintin gini ba ya wannan aiki, yana riƙe ruwa a cikinsa, idan ya ji wuta sai ya ɓantare yana harbi. Bayan gini a bar shi mako guda ya sha iska, sannan a hura ƙaramar wuta na sa'o'i biyu ko uku har tururi ya daina fita, kafin a ba shi wuta sosai.

A tsakiya a ajiye guntun tubalin wuta mai tsayin santimita 5 don tukunya ta zauna a kai. Shimfiɗa guntun kwali tsakaninsu kafin kowane narki, tokarsa tana hana gindin tukunya mannewa.

Ga mai amfani da gas, regiletar girki ba ta da ƙarfin da ake buƙata, sai mai babban matsi wadda ake iya ƙarawa da ragewa. Tukunyar gas ta zauna nesa da tanderu aƙalla mita 3, a gwada mahaɗai da ruwan sabulu. Gawayi ma yana yi sarai, da shi mutanen da suka yi zubinsu a garuruwan Igbo-Ukwu, Ife da Benin, amma sai na itace mai tauri irin ƙirya, da iska mai ƙarfi marar yankewa, ko ta fankar lantarki ko ta zuga-zugi mai taya. Tanderun gawayi yana son fili na santimita 7 ko 8 kewaye da tukunya, don gawayin ya rufe ta har wuya. Ko wanne ka zaɓa, a fili za a yi ko ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗun gefuna. A ɗaki rufaffe iskar da wutar ke fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Tukunyar narki da kayan riƙo

A nan ne ya kamata ka kashe kuɗi ba ka yi ƙyashi ba. Ka sayi tukunyar narki ta gaske, ta yumɓu da girafait, wato baƙin sinadarin cikin fensir, ko ta silikon kabaid. Lita ɗaya tana ɗaukar kusan kilo 8 na narkakkiyar tagulla, amma ba a cika ta fiye da kashi uku cikin huɗu. Sabuwar tukunya a gasa ta a hankali babu komai a ciki har ta yi ja, a bar ta ta huce cikin tanderu. A ajiye ta a busasshen wuri, ba kan siminti ba. Kafin kowane aiki ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa: lafiyayya tana amo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take, wannan ta gama aiki.

Kana buƙatar awartaki biyu da aka ƙera daidai da girman tukunyarka. Ɗaya na ɗagowa, wanda zai rungume ta a ƙasan cikinta, ba ya kama leɓe ba, don leɓen yana ɓallewa. Ɗaya kuma zobe ne mai dogon hannu da maƙalli, na zubawa. Sai sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ta kwashe datti, da wani ƙaramin kwano na ƙarfe mai kauri inda za a juye ragowar narki.

Sutura: takalmin fata mai rufe idon sawu, wando da riga na auduga mai kauri, bakin wandon ya sauko kan takalmi, walkin fata a gaba, safar hannu ta masu walda, da garkuwar fuska. Yadin roba yana narkewa ya manne da fata. Silifas da riga mai yalwar hannu ba su da wuri a nan. Ƙasan wurin zubi a shimfiɗa busasshen yashi mai kaurin santimita 5, domin siminti yana fashewa idan ƙarfe ya zuba a kansa.

Zubin yashi: nan za a fara

Abu mai shafaffen baya, irin tambari, faranti mai rubutu ko mariƙin aljihun tebur, yashi ya fi masa sauƙi, kuma a yini ɗaya za ka iya gwadawa sau uku. A tankaɗe yashi mai laushi kilo 10, a haɗa da bentonait kilo 1, wato garin yumɓun nan da masu haƙa rijiyar burtsatse suke amfani da shi. A cuɗa su a bushe, sannan a yayyafa ruwa kusan rabin lita kaɗan-kaɗan, a tattake, a rufe da leda ya kwana. Gwajinsa a hannu yake: ka damƙa, ya riƙe shatar yatsunka, bai manne a tafinka ba, idan ka karya dunƙulen ya rabu biyu tsaf. Idan ya ɓarɓashe ruwa ya yi kaɗan. Idan yana ƙyalli ko yana liƙewa ruwa ya yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari.

Akwatin katako biyu ne marasa gindi, ɗaya kan ɗaya, da turaku biyu masu daidaita su. Samfurin abin da za a zuba, na katako ne ko na roba, gefunansa su ɗan zube da digiri 2 ko 3 don ya zare ba tare da ya yago yashi ba. A ƙara masa girma kaɗan, domin tagulla tana tsukewa kusan kashi 1.5 cikin 100 idan ta huce, wato abu mai santimita 20 zai rasa milimita 3. A kifa samfurin kan allo cikin akwatin ƙasa, a barbaɗa hodar talk ko garin gawayi, a tankaɗa yashi a kansa, a cika ana dannawa da taɓarya, gefuna da ƙarfi, kan samfurin da sauƙi. A juya akwatin, a sake barbaɗa hoda, a ɗora na sama, a kafa sanduna biyu: ɗaya ta hanyar zuba ƙarfe, ɗaya mai kauri kusa da wuri mafi kauri na kayan, wadda za ta zama ma'ajiyar da kayan zai riƙa sha yayin da yake tsukewa. A cika, a danne, a zare sandunan, a raba akwatunan, a ɗan bubbuga samfurin a ɗaga shi. Da cokali a yanka 'yar kwata daga gindin kowane rami zuwa siffar. A soka siririyar waya wurare da dama a akwatin sama don iska ta samu mafita, a hure ɓarɓashi, a rufe. Sai a ɗora nauyi ko a ɗaure akwatunan da kyau, don nauyin tagulla yana iya ɗaga na sama ta kwararo ta gefe.

Zubin kaki

Abin da yake da lanƙwasa, zane mai zurfi ko siffar da ba za ta zaru daga yashi ba, sai kaki. Hanyar da masu zubi na unguwar Igun a Benin, da na Fumban a Kamaru, da na ƙasar Asante suke bi ke nan har yau. Ana gina siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, ƙarfe ya shiga gurbinsa. Kowane gida na zubi ɗaya ne, domin sai an fasa shi kaya ke fitowa.

Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, kuma da bazara yana laushi a hannu. A gauraya shi da ɗan kakin kyandir ya ƙara tauri, a ajiye kwanon ruwan sanyi kusa don tsoma aikin idan ya fara saki. Duk abin da ke jikin kakin zai fito a ƙarfe, har shatar yatsa, saboda haka gyaran da za ka yi da magagari na sa'a guda, yi shi a kaki cikin minti biyu.

Idan kaurin abu ya wuce santimita 2.5, kada a zuba shi cikakke: ɓarnar ƙarfe ce, kuma wuri mai kauri shi ya fi lotsawa. A gina ciki da yumɓu mai yashi da garin gawayi, a bar shi ya bushe ƙarau, a shimfiɗa kaki mai kaurin milimita 3 zuwa 5 a kansa, a yi zanen a nan. Sannan a soka ƙananan ƙusoshi huɗu ko shida ta cikin kakin zuwa cikin, a bar kawunansu a waje don yumɓun waje ya riƙe su. Su ne za su hana cikin motsi idan kaki ya fita.

Hanyoyin ƙarfe su ne inda mai koyo ya fi yin asara, don haka a dakata a nan. Ka riƙe siffar yadda za ta tsaya lokacin zubi, galibi a kife, ka bi tafiyar ƙarfen da ido. A sama akwai mazurari na kaki. Daga shi babbar hanya mai kaurin milimita 10 zuwa 12 ta sauko, ƙananan hanyoyi na milimita 6 zuwa 8 su rabu daga gare ta su shiga wurare masu kauri. Dalili shi ne siririn wuri yana daskarewa da wuri, mai kauri yana daɗewa, kuma yayin da yake tsukewa yana buƙatar ƙarin ruwan ƙarfe. Idan hanyar da ke ciyar da shi ta riga shi daskarewa, sai ya ci kansa, ka tarar da rami ko lotsawa. Sannan duk wani tsini da ya kalli sama, inda iska za ta maƙale, a manna masa siririn kaki na milimita 3 ya hau har gefen mazurari, ba cikinsa ba. A haɗa mahaɗan da wuƙa mai zafi, a shafe su sumul, don kaifin yumɓun da zai samu a kusurwa yana ɓallewa ya bi ƙarfe.

Yanzu a auna kakin duka, har da hanyoyi, a ninka sau 10. Kaki giram 200 yana son tagulla kilo 2. Gara ta rage da ta gaza, domin ba a ƙara zubi a kan wanda ya fara daskarewa.

A goge kakin da sifirit don yumɓu ya kama. Shafin farko shi ke ɗaukar zane: yumɓu mai laushi da aka tace da ƙyalle, a haɗa da garin gawayi da aka niƙa liƙis, a dama ya yi kaurin kunu. A shafa da buroshi mai laushi ana cusa shi cikin kowane lungu don kada kumfa ta ɓuya, kowace kumfa ƙurji ce a jikin ƙarfe. A shanya a inuwa, a sake sau biyu. Bayan nan sai yumɓu mai kauri, wanda aka cuɗa da yashi ko dakakken kasko, da kashin jaki ko na doki ko ƙaiƙayi. Zaren da ke cikin kashin yana hana tsagewa wurin bushewa, idan kuma ya ƙone sai ya bar ƙananan ƙofofin da iska ke bi ta fita. A yi shi hawa-hawa, kowane ya bushe kafin na gaba, har kauri ya kai santimita 2 zuwa 3, a naɗe da waya kafin hawan ƙarshe. A ba shi mako guda ko fiye. Da hunturu aikin yana sauri, sai dai iskar tana tsaga shi idan ba a rufa masa buhu ba a kwanakin farko. Da damina kuwa sai haƙuri, kuma bushewar waje ba ta nuna ta ciki.

Wasu suna amfani da garin filasta na silin, kashi 1 da kashi 2 na yashi mai laushi, su zuba kewaye da kakin cikin gwangwani. Yana ɗaukar zane da kyau, amma yana riƙe ruwa a jikinsa, gashinsa yana cin sa'o'i 12 zuwa 24, kuma ba ya son ya wuce digiri 700 da yawa.

Gashin gidan yumɓu mataki biyu ne. Na farko a kifa shi kan ƙaramar wuta, baki a ƙasa, kakin ya tsiyaye cikin kwano, za a sake amfani da shi. Na biyu a lulluɓe shi da gawayi a ƙara wuta sannu a hankali har ya yi ja gaba ɗaya, wajen digiri 700. Alamar ya gasu ita ce babu hayaƙi, babu harshen wuta a bakin, babu baƙin tabo a cikin mazurari. Ragowar kaki ko kaɗan ce za ta zama iska ta tofo ƙarfe waje. A daidaita lokaci yadda gashi da narki za su ƙare tare, don gida mai zafi ya fi karɓar ƙarfe har cikin siraran wurare. A ɗauko shi, a duba tsaga, a liƙe ƙanana da yumɓu mai ɗan tauri a bari zafin ya busar da shi, a kafa shi cikin bokitin ƙarfe ko rami, a cika kewayensa da busasshen yashi, a rufe bakin da guntun tubali don kada wani abu ya faɗa.

Narki da zubi

Mutum biyu ake so, kuma su gwada tafiyar duka da tukunya babu komai kafin a kunna wuta: wa zai buɗe murfi, wa zai ɗaga, ina za a ajiye, ta ina za a bi. A kawar da yara da dabbobi.

A zafafa tanderu da tukunya har su yi ja. Ƙarfen da za a narka a jera shi kan murfi ya gasu tukuna. A fara da gutsattsari masu kauri, a saka su sakwa-sakwa, domin ƙarfen da aka cusa da ƙarfi yana kumbura ya tsaga tukunya. Siririyar waya a dunƙule ta da guduma, a jira ruwan ƙarfe ya taru a gindi sannan a riƙa nutsa ta ciki da awartaki, in ba haka ba rabinta zai ƙone ya zama datti. A rufa saman da busasshen gawayi don rage shan iska. Wasu suna zuba boraks, wani farin garin sinadari, yana tara datti amma yana cin bangon tukunya, don haka ƙaramin cokali ya isa. A wutar gas a daidaita iska yadda harshen da ke fita ta murfi zai zama gajere. Dogon harshe mai laushi yana nufin gas ya yi yawa, kuma narkakken jan ƙarfe yana shanye iskar haidirojin daga irin wannan wuta, ya sake ta lokacin daskarewa, kaya ya fito da ƙananan ramuka.

Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085. Sai ya narke duka ake saka kuza, wadda ke narkewa a 232 kacal kuma tana ƙonewa idan ta daɗe a wuta. A gasa ta kaɗan, a nutsa ta, a motsa da sandar girafait ko busasshiyar sandar ƙarfe mai zafi, a ba shi minti biyu ko uku. Idan kana da haɗin jan ƙarfe da fosfaras, giram 1 zuwa 2 a kowane kilo yana tsabtace narki ya sa shi gudu. Da gas, kilo 3 yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, da gawayi kusan sa'a. Da zarar ya kai, a zuba. Barinsa yana jira a wuta ba ya ƙara masa komai sai iska.

Ma'aunin zafi mai sandar tsomawa shi ne mafi tabbas. Idan babu, a gasa siririyar sandar ƙarfe, a tsoma ta daƙiƙa biyar, a zaro. Idan tagulla ta dunƙule a jikinta, da saura. Idan ta fito kusan tas, ya yi. Hasken rana yana ruɗar ido wurin duba launi, shi ya sa zubin inuwa ko na yamma ya fi.

A kashe wuta, a ɗago tukunya, a zaunar da ita cikin zoben kan tubali mai zafi, a ja datti gefe a kwashe. A kawo leɓen kusa da mazurari, a zuba da gudu ɗaya marar yankewa, mazurarin ya kasance cike tun daga farko har ƙarshe, don cikarsa ke hana iska bin ƙarfe. Idan ƙarfe ya leƙo ta hanyoyin iska, a tsaya. Ragowar a juye cikin kwanon da aka riga aka gasa, kada a bar ta ta daskare a tukunya. Idan ƙarfe ya zube ƙasa, a ja da baya, a rufe shi da busasshen yashi, ba a watsa masa ruwa. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20, a tafi asibiti, ba man shafawa, ba ƙwai, ba man goge baki.

Karanta abin da ya fito

Ƙaramin kaya a ba shi kamar sa'a guda kafin a fasa. Kada a yar da wanda ya lalace sai an dube shi da kyau, domin kowane aibi yana faɗin dalilinsa.

Idan wani sashe bai cika ba kuma bakinsa ya yi mulmul, ƙarfe ya yi sanyi, ko wurin ya yi siriri, ko iska ta rasa mafita. Layi mai kama da ɗinki a inda gudu biyu suka haɗu yana nuna an yanke zubi ko zafi bai kai ba. Ramuka zagayayyu masu santsin ciki iska ce, daga damshi, ragowar kaki ko narkin da ya daɗe a wuta. Rami mai kaushin ciki a wuri mai kauri tsukewa ce, maganinta a faɗaɗa hanyar da ke ciyar da wurin ko a ƙara ma'ajiya. Siraran fukafukai a jiki suna nufin gidan ya tsage, ko don an gaggauta gashi ko don yumɓun ba shi da isasshen yashi. Fata mai kaushi da yashi ya manne mata tana nuna zafi ya wuce kima ko yashin ya yi gauri. Tsaga a kusurwar da siriri ya haɗu da mai kauri kuwa daga tsukewa take, a zagaye kusurwar a samfuri na gaba, a kuma sassauta yumɓun ciki da ƙarin gawayi don ya ba ƙarfe hanya.

Gamawa

A yanke hanyoyi da zarton ƙarfe, a bar ɗan tudu a cinye shi da magagari. A zare ƙusoshi, a kwaƙule yumɓun ciki ta ramukansu ko ta gindi, a toshe ramukan da guntun tagulla daga narkin nan don launi ya zo ɗaya, a daddale da ƙaramar guduma. A bi da burushin waya, sannan takardar yashi daga lamba 120 zuwa 600. A sa abin rufe hanci mai kyau, ƙurar yumɓun da aka gasa da ta yashi tana taruwa a huhu. Jiƙaƙƙiyar tsamiya tana fito da hasken ƙarfe, amma a ɗauraye sosai a busar nan take. A guji gishiri wurin canza launi, domin yana barin koren tsatsa mai ci gaba da cin tagulla. Idan an gama, a ɗan ɗumama kayan, a shafa kaki siriri, a goge da ƙyalle.

Hanyoyin da aka yanke da ragowar narki a kankare musu yumɓu, a ajiye su a gwangwani mai rubutun haɗinsu, kada na ƙararrawa ya gauraya da na kayan ado. A narki na gaba a haɗa su da sabon ƙarfe kamar rabi da rabi, tunda kowace shiga wuta tana rage ɗan kuza. A kuma ajiye littafi a maƙera, a rubuta nauyin kaki, nauyin ƙarfe, kwanakin bushewa, tsawon gashi da na narki, da aibin da aka gani, domin da shi za a gane abin da za a canza, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji.